Harshen Masu Gida: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu a Saitama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaba, dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, ƙanne da 'ya'ya, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Ibaraki da Gunma tun bayan asuba, sannunku da hanya, Allah ya huci gajiya. Shugabanni sun ce in yi magana a kan koyon Japananci saboda na ɗan jima a ƙasar nan, kuma zan faɗi abin da na gani da idona.

Akwai wata magana da muke faɗa wa sabon zuwa da zarar ya sauka a filin jirgin saman Narita. Mukan ce masa kada ya damu, yau da gobe harshen zai shige shi. Ni ma haka aka faɗa mini, kuma na yarda, domin mun taso muna jin cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ga hujja ma muna da ita a gida. Inyamurin da ke da shago a Sabon Garin Kano ba aji ya shiga ba, amma Hausa ta zauna a bakinsa. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, da waɗanda suka zauna a zangon Kumasi, da 'yan'uwanmu na Agege, da mutanen Mai Wurno a Sudan, duk a kasuwa da tsakar gida suka ɗauki harsunan mutane. To amma waɗancan, kafaɗa da kafaɗa suka zauna da masu gari, ba su da wata mafita. Mu kuwa muna da mafita a aljihu. Da safe mu saurari labaran gida a waya, a cikin jirgin ƙasa mu leƙa WhatsApp, a yadin motoci mu yi Turanci da abokan aiki 'yan Pakistan da 'yan Sri Lanka, a kanti mu biya kuɗi a na'ura ba tare da mun buɗe baki ba, da dare mu kira Kano ko Damagaram. Mutum sai ya shekara goma a Japan kunnensa bai kwana a Japan ba ko sau ɗaya. Kanwar tana nan, mu ne muka zauna nesa da mai ɗaukarta.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne da tsakar dare. 'Yata, lokacin tana ƙarama, ta tashi da zazzaɓi mai zafi tana riƙe ciki. Na buga 119. Tambayar farko da suke yi ita ce, kaji desu ka, kyukyu desu ka, wato gobara ce ko rashin lafiya. Ban gane ba. Allah ya sa maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta ji motsi ta fito ta karɓi wayar. A asibiti likita yana tambayata yadda ciwon yake, ni kuma ina tsaye da yarinya a hannu, uba ne ni amma ba ni da bakin da zan yi mata magana da shi. Allah ya ba ta lafiya, alhamdu lillahi. Amma wannan tsayuwar ba na fatan wani a cikinmu ya yi irinta. Tun da na ambaci wannan, iyaye ku rubuta #8000, layin shawara ne idan yaro ya kamu da ciwo da dare.

Daga nan na daina jira harshen ya zo ya same ni. Kuma abin da na tarar shi ne, Bahaushe yana da gata a wannan harshe wanda bai san yana da shi ba. Wasulansu biyar ne kamar namu. Suna bambanta gajeren wasali da dogo, obasan gwaggo ce ko inna, idan ka ja ka ce obaasan ta koma kaka. Bature yakan sha wahala a nan, amma mu da muka san bambancin garin da ake zama da garin tuwo, kunnenmu a shirye yake. Suna ninka baƙi, kite da kitte ba ɗaya ba ne, kamar yadda baba da babba ba ɗaya ba ne. Har karin sauti suna da nasu, ame na ruwan sama dabam yake tashi da ame na alewa, kamar kukar miya da kukan hawaye. Ko wannan fu na Fuji, da leɓɓa biyu suke hura shi, irin yadda Bakano yake faɗin fura.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwa. Ranar da wani abokin aiki ya fassara mini otsukaresama desu, ya ce daga kalmar gajiya ta fito, sai na ji kamar ina ƙofar gidanmu. Sannu da aiki ke nan, ina gajiya ke nan. Mai fita ya ce ittekimasu, a amsa masa itterasshai, wato sai na dawo, a dawo lafiya. Mai dawowa ya ce tadaima, a ce masa okaeri. Mara lafiya a ce masa odaiji ni. Mutanen nan suna da kunya da kawaici. Idan Bajapane ya ce maka chotto, ya ja numfashi ya yi shiru, ko ya ce zai yi tunani, a mafi yawan lokuta ya riga ya ce a'a, kamar yadda dattijo a gida zai ce maka bari mu gani. Harshen girmamawa da suke kira keigo yana da wuya, ba na ɓoye muku, fi'ilai ma sukan sake kama gaba ɗaya idan da babba kake magana. Amma wanda ya taso yana ce wa mahaifinsa ku, yana durƙusawa ya gaida surukai, ya riga ya san dalilin abin, kalmomin kawai suka rage masa. Hatta amsa-kama irin namu na fari fat da baƙi ƙirin, su ma bakinsu cike yake da irinsa, kuma da shi ake yi wa likita bayani: zukizuki ciwo mai zogi, gangan kai mai sarawa, mukamuka tashin zuciya. Irin waɗannan nake buƙata a wancan daren.

Inda wuyar take shi ne rubutu, da kuma jimlarsu da ke ajiye fi'ili a ƙarshe, sai ka jira mutum ya kai aya kafin ka san ya yi ko bai yi ba. Hiragana baƙaƙe 46 ne, katakana ma 46, mai himma zai iya haddace su cikin 'yan makonni. Kanji kuwa, jerin da gwamnati ta amince da shi tun 2010 na amfanin yau da kullum ya kai 2,136, kuma 'ya'yanmu a firamare suna koyon 1,026 cikin shekara shida. Na san wannan lissafi yana karya gwiwa. Shi ya sa nake cewa kada ka fara daga lissafin, fara daga abin da ya shafi cikinka da addininka. A takardar da aka raba muku akwai 豚, buta, alade. Akwai 酒, sake, giya. Akwai mirin, wato giyar girki, da raado, kitsen alade, da zerachin, sinadarin daskarar da abinci da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Wanda ya san waɗannan zai juya bayan leda a kanti ya karanta da kansa, ba sai ya ɗauki hoto ya tura wa wani ya tsaya jira ba. Daga nan sai sunan tasharka, da ranakun zubar da shara, da takardar inshorar lafiya da ke zuwa daga ofishin birni. Mu da muka wanke allo muka sake rubutawa har sura ta zauna, ba mu ne za a koya wa haƙurin maimaici ba. Layi biyar bayan asuba, kullum, ya fi zaman awa uku ranar Lahadi.

Amma littafi shi kaɗai ba ya buɗe baki. Sai an shiga mutane, kuma ni wurin tsofaffi na samu. A filin shaƙatawa na unguwarmu kullum da ƙarfe 6:30 na safe dattawa suna taruwa su motsa jiki da shirin NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da ake kira rajio taiso. Na fara zuwa ina tsayawa a baya. Mako na farko kai kawai ake sunkuya mini. Sannu a hankali aka fara tambayata daga ina nake, ko a ƙasarmu ana sanyi, me ya sa ba na shan ruwa a watan azumi. Tsofaffin nan suna da lokaci, ba sa jin Turanci balle su kuɓutar da kai da shi, kuma idan ka yi kuskure za su maimaita maka daidai ba tare da sun kunyata ka ba. A wurinsu na ji Japanancin da ba ya cikin littafi. Haka na koma sayen kayan miya wurin mai shagon unguwa duk da ya ɗan fi babban kanti tsada, don da shi ana ciniki da baki. Na shiga aikin gayya na share unguwa. Na je atisayen girgizar ƙasa da ake yi a kusa da 1 ga Satumba, ranar tunawa da girgizar Kanto ta 1923. Babu abin da ya taɓa addinina a cikin waɗannan. Abin da ya shafi wurin bautarsu na ba da haƙuri, kuma da na iya faɗin dalili da harshensu sai aka girmama ni. Haka walimar wurin aiki, ka ce osake wa nomimasen, wato ba na shan giya, a kawo maka shayi, a ci gaba da hira.

Za ku haɗu da wanda zai ga baƙar fata ya juya Turanci don ya taimake ka. Ka gode masa, ka ci gaba da Japanancinka. Ka riƙe yukkuri onegai shimasu, a yi a hankali, da mo ichido onegai shimasu, a maimaita. Akwai kuma abin da suke kira yasashii nihongo, sassauƙan Japananci. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, wadda ta ci rayuka fiye da 6,000, aka gano baƙi da yawa ba su fahimci sanarwar ceto ba, sai masana suka tsara hanyar faɗin magana da kalmomi masu sauƙi. Maimakon hinan, kalma mai wuya ta komawa wurin tsira, sai a ce nigete, ku gudu. Yau ofisoshin birni da dama sun san da shi, NHK ma tana da labarai da irin wannan harshe. Haƙƙinka ne ka roƙa a yi maka magana da shi. A ƙasar da waya ke yin ƙara da tsakar dare don gargaɗin girgiza, jin harshe maganar rai ce.

Kuma maganar mutunci ce. Kun tuna abin da ya biyo bayan taron TICAD, na Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama a Agustan 2025, lokacin da aka haɗa birnin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci, labari ya bazu cewa za a kwararo da baƙi, mutane suka tsorata har aka janye shirin. A kwanakin nan maƙwabta sun yi mini tambayoyi, wasu da damuwa a fuskarsu. Na zauna na amsa musu, don sun san ni kuma ina jin abin da suke faɗa. Wanda ba shi da baki, wasu ne za su ba da labarinsa.

Iyayenmu mata, da ku nake yanzu, amma laifin namu ne maza. Mu muna fita, ko ba komai kunnenmu yana tsintar wani abu. Matar da aka kawo daga gida aka ajiye a ɗaki, ita ce ke zuwa awon ciki da littafin boshi techo, na lafiyar uwa da jariri, a hannu, ita ce ke karɓar littafin saƙon malamai daga jakar yaro kullum, ita ce ke gida idan ƙasa ta motsa da rana. Na ga yarinya 'yar shekara tara tana yi wa mahaifiyarta tafinta a gaban likitan mata. Wannan kaya ya fi ƙarfin yaro, kuma yana juya tarbiyya, uwa ta koma mai jiran 'yarta. Birane da yawa suna da ajin Japananci na 'yan sa-kai, wani kyauta, wani kuɗin bai kai na kwanon abinci ba, kuma yawancin masu koyarwar mata ne dattijai. Maigida, ka riƙe yaran awa biyu ta je. Su kuma yaran, makaranta za ta ba su Japananci fiye da namu, don haka a gida a yi musu Hausa, kada mu samu ɗaya mu zubar da ɗaya, su je hutu su kasa gaida kakarsu.

Matasa masu neman takarda, jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, ana yin ta sau biyu a shekara, Lahadin farko na Yuli da na Disamba, daga matakin farko N5 zuwa na ƙoli N1. Bizar ƙwarewa ta tokutei gino da aka buɗe a 2019 tana neman matakin N4 ko makamancinsa, kamfanoni da yawa kuma N2 suke tambaya. Ku zauna ku ci ta. Amma ku sani babu gwajin magana a cikinta, mutum zai iya riƙe shaida bakinsa a kulle. Ɗalibai masu izinin aikin awa 28 a mako, idan kuna da zaɓi, ku ɗauki aikin da ake magana da mutane ko da na dare a masana'anta ya fi kuɗi.

Ga roƙona ga shugabanni. A kowane taro a ware rabin awa, wanda takarda ta zo masa daga ofis ko makaranta ya kawo ta mu karanta tare. Duk sabon zuwa a haɗa shi da tsohon zama wanda zai raka shi ajin farko da ƙafarsa, ba ya tura masa adireshi kawai ba. Masu zuwa ofis yi wa 'yan'uwa tafinta, Allah ya saka muku da alheri, amma ku bar mai buƙatar ya fara magana, ku shigo sai inda ya tsaya. Takardar rubuta suna tana wurin sakatare, mata suna da tasu a ɓangarensu.

Ƙarfe biyar za mu miƙa makullin ɗakin nan, a taimaka a kwashe kujeru a rarraba shara yadda aka rubuta a jikin kwanduna. Dattijon da ke kula da ginin yana zaune a bakin ƙofa, duk wanda zai wuce ya tsaya ya ce masa arigato gozaimashita, wato mun gode.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.