Lacca: Ruwa da Siminti, Abokan Gabar Ginin Ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Abu uku za mu taɓa: wuraren tarihinmu, yadda ƙasashe ke kula da su, sai ladabin mai ziyara. Na baya, kuna ji? To madalla.

Na farko, badalar Kano. Sarki Gijimasu ya fara gina ta, kusan shekara 900 ke nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa. Yau a wasu wuraren tudu kawai za ka tarar, an kwashe ƙasar an yi bulo.

Ku riƙe wannan: ginin ƙasa ruwa ke kashe shi. Ruwa! Daga sama, idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta ya ratsa azara. Daga ƙasa kuma zartsi ya yi ta cin gindin bango har ya rarake. Sai mai son gyara, da kyakkyawar niyya wallahi, ya shafe da siminti. Shi ginin ƙasa yana shan laima ya fitar. Siminti kuwa ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita. Tubalin ciki ya jiƙe, ya saki, wata damina sai ka ga shafen ya ɓallo kamar ƙofa, ya tafi da naman bangon.

Ku dubi Jenne a Mali. Masallacin da ke tsaye yanzu a 1907 aka gina shi, kuma duk shekara kafin damina gari ke fitowa yaɓe. An jiƙa laka da ƙaiƙayin shinkafa kwanaki, mata na kawo ruwa, samari na gudu da kwanduna. Sandunan itacen nan da aka kafe suka fito a jikin bango, a kansu magina ke taka ƙafa. Haka hasumiyar Agadas, mita 27, wadda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garinta cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Na biyu... ai mun shige shi. Mai ziyara dai kada ya hau bango, kada ya kankare sunansa.

Na'am, ƙanwata? Idan an riga an shafa simintin? Jira rani. A ɓamɓare kaɗan-kaɗan, daga sama zuwa ƙasa, a bar bango ya bushe sarai. A cike ramuka da ƙasa irin ta asali, sannan yaɓe siriri, hawa biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Na ƙarshe makuba, ɓawon ɗorawa da aka daka aka kwaɓa da jar ƙasa. Nemi tsohon magini ya tsaya a kan aikin.