Sharhi: Dokar Missouri da Iyakar Ikon Jiha Kan Bindiga a Amurka

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Amurka, inda wasu jihohi suka ɗauki shekaru suna kafa dokokin da suka ce za su kare 'yancin mallakar bindiga daga takurar gwamnatin tarayya. Tushen maganar shi ne gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791, wanda ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa ba. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan haƙƙi na kowane mutum ne a kan kansa, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da bindiga bainar jama'a don kare kai. Ke nan haƙƙin yana da gindin zama tun kafin 'yan majalisun jihohi su sa baki.

Jihar da ta fi zurfafawa a wannan hanya ita ce Missouri. A watan Yunin 2021 gwamnanta na lokacin, Mike Parson, ya rattaba hannu kan wata doka a cikin shagon sayar da bindigogi, wadda ta ayyana cewa dokokin tarayya da dama kan rajistar makamai da harajinsu da hana wasu mutane mallakarsu ba su da wani tasiri a cikin jihar. Dokar ba ta tsaya nan ba, domin ta ba duk wanda abin ya shafa damar kai ƙarar rundunar 'yan sandan da jami'inta ya taimaka wajen aiwatar da waɗannan dokoki, tare da tarar dala 50,000.

Adalci ne a saurari hujjar masu goyon baya. Manomin da ke nesa da gari, wanda 'yan sanda ba za su iso gidansa ba sai bayan aikin gama ya gama, yana ganin bindigarsa ita ce tsaron iyalinsa, kuma yana tsoron ranar da gwamnati a Washington za ta sauya ra'ayi a kansa. Akwai ma hukuncin Kotun Ƙoli na 1997 da ya ce tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jiha su yi mata aiki. Da a ce Missouri ta tsaya kan cewa ba za ta ba da jami'anta ba, da tana da madogara.

Amma abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a yi tunani. 'Yan sanda a garuruwa da dama sun janye daga aikin haɗin gwiwa da hukumomin tarayya, saboda babu shugaban rundunar da zai so a tatike ɗan kasafin ƙaramin garinsa a kan bincike guda. Birnin St. Louis, wanda ya daɗe yana fama da kashe-kashe, yana cikin waɗanda suka garzaya kotu suna ƙalubalantar dokar. Abin da ya fi damuna shi ne matan da ke zaune cikin fargabar mazajensu, domin dokar tarayya ce tun 1996 ta hana wanda aka samu da laifin dukan iyali riƙe bindiga, ga shi kuma an sa ɗan sandan unguwa ya ji tsoron sa hannu wajen aiwatar da wannan doka. A ƙasar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙidaya mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabinsu ma da hannunsu suka kashe kansu, ɗaure hannun masu bincike ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara a Fabrairun 2022, kuma a Maris na 2023 alƙali Brian Wimes ya soke dokar baki ɗayanta, yana mai dogaro da sashe na shida na kundin tsarin mulki wanda ya ɗora dokar tarayya bisa ta jiha. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a Agustan 2024. Ma'anar hukuncin a fili take: jiha na iya ƙin ba da gudummawa, amma ba ta da hurumin cewa dokar ƙasa ta mutu a kan iyakarta. Montana ta gwada irin wannan a 2009, kotu ta yi watsi da ita a 2013, don haka ba za a ce 'yan majalisar Missouri ba su ga alama ba.

A ganina babban laifin irin waɗannan dokoki shi ne alkawarin da suke yi wa talaka alhali ba za su iya cika shi ba, har ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2013 jihar Kansas ta kafa dokar da ta ce makamin da aka ƙera a jihar kuma bai fita daga cikinta ba, babu ruwan tarayya da shi. Wani mai shago ya gaskata, ya ƙera na'urar rage ƙarar bindiga ya sayar, wani tsohon soja kuma ya saya da zuciya ɗaya. A 2016 kotun tarayya ta same su duka biyu da laifi ƙarƙashin dokar makamai ta 1934, a 2019 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron kokensu. 'Yan majalisar da suka rubuta dokar ba wanda ya tsaya gaban alƙali, su kuwa mutanen biyu, da yake laifin yana cikin manyan laifuka, sun rasa haƙƙin mallakar bindigar da aka ce dokar za ta kare musu.