Clandon Park: Gidan da Doka Ta Tsare, Wuta Ta Cinye

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe, malamaina, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan yadda Ingila ke adana tsofaffin gidajen masu sarautarta na karkara. Gidajen nan suna da yawa, in na ce sai na zaga su duka, magariba za ta riske mu a nan. Don haka ɗaya zan riƙe, sunansa Clandon Park, yana yankin Surrey kusa da garin Guildford, kudu maso yamma da Landan. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne ya ƙone, kuma sai da ya ƙone aka tilasta wa masu kula da shi su faɗi ainihin abin da suke adanawa.

Wajen shekarar 1730 ne Thomas Onslow, magajin sarautar gidansu, ya rushe tsohon gidan kakanninsa ya kira wani mai zanen gini ɗan birnin Venice mai suna Giacomo Leoni. Shi Leoni mabiyin tafarkin Andrea Palladio ne, gwanin ginin Italiya na ƙarni na 16, kuma a lokacin masu kuɗin Ingila sun haukace a kan wannan salo. Ƙa'idarsa awo ce da daidaito: abin da ke dama ya kasance a hagu, tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa su tafi bisa lissafi. In ka tsaya a waje, Clandon ba ya wani ɗaukar ido. Katafaren gini ne mai kusurwa huɗu, na jan bulo, an yi wa tagogi da kusurwoyi gefe da farin dutse. Wasu ma cewa suke ya fi kama da gidan birni da aka ɗauko aka dasa a tsakiyar saura.

Leoni ya ɓoye gwanintarsa a ciki. Kana shiga ƙofar gaba sai ka faɗa zauren da ake kira Zauren Marmara, tsayinsa hawa biyu, kusan ƙafa 40 ta kowace fuska, fari fat tun daga daɓe har sama. An jera ginshiƙai a jikin bango sahu biyu, wani kan wani. Murhunan ɗumama ɗaki guda biyu Michael Rysbrack ne ya sassaƙa su da marmara. Silin ɗin kuwa aikin masu filasta ne da suka zo daga yankin Switzerland mai magana da Italiyanci, ana danganta shi ga Giuseppe Artari da abokin aikinsa Bagutti. Ba a kwaba filastar aka zuba a mazubi ba, da hannu aka gina siffofin tun tana ɗanya, mutum na kan katako can sama, wuyansa a karye. Har ƙafafun siffofin aka bari suna reto daga gefen silin, kamar za su sauko.

To, ina kuɗin ya fito? Wannan tambaya ta shafe mu, mu 'yan Afirka ta Yamma. Matar Thomas Onslow, Elizabeth Knight, wadda ya aura a 1708, ta gaji dukiya mai yawa daga wani ɗan'uwan mahaifinta a Jamaika, dukiyar gonar rake da cinikin bayi. Kafin gobarar, a saman ƙofofin wannan farin zaure akwai mutum-mutumi biyu na marmara masu siffar 'yan Afirka. Shekara da shekaru baƙi na wucewa ta ƙarƙashinsu ba wanda ke tambaya.

Ku tsallaka da ni zuwa ƙarni na 20. A 1894 gwamnati ta kafa harajin gado, ya yi ta hawa har ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi bayan yaƙin duniya na biyu. Barori sun tafi masana'antu, kuɗin haya daga manoma ya ragu. Magaji ya tashi da gida mai ɗakuna hamsin, rufi na yoyo, ga jami'in haraji a bakin ƙofa, sai ya kira masu rusau. Wajen 1955 an kai matsayin da kusan duk kwana biyar sai an rushe irin wannan gida guda.

Abu biyu suka taka wa wannan ɓarna birki. Na farko doka. Tun daga 1947 aka wajabta wa gwamnati ta tsara rajistar gine-gine masu tarihi, a yau hukumar Historic England ce ke ba da shawara, minista ya sa hannu. Daraja uku ce, kuma waɗanda ke daraja ta ɗaya ba su wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari ba. Clandon na cikinsu. In gidanka ya shiga rajista, naka ne har gobe, amma ba za ka rushe bango ko ka canza taga ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa laifi ya aikata, akwai tara, akwai ɗauri har na shekara biyu.

Na biyu ƙungiyar National Trust, wadda Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a 1895. Ba ta gwamnati ba ce, da kuɗin mambobi da wasiyya take tafiya. Amma dokar 1907 ta ba ta wani iko na musamman: in ta ayyana wata kadara a matsayin wadda ba a rabuwa da ita, to ba a sayarwa, ba a jinginarwa, gwamnati ma ba ta ƙwacewa sai an bi ta majalisa. Ɗaliban fiƙihu za su ji ƙamshin waƙafi a nan. Daga 1937 aka buɗe mata hanyar karɓar manyan gidaje daga iyalan da suka gaza. Haka Clandon ya shiga hannunta a 1956, kyauta daga Gwendolen, 'yar gidan Onslow da ta auri magajin gidan Guinness.

Kun ga ke nan an ɗaure gidan tamau: doka a gefe, amana a gefe. Sai ranar 29 ga Afrilu 2015, da la'asar, wuta ta tashi daga wani akwatin rarraba lantarki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta bi ta ramin lifta da kogunan da ke tsakanin bango da silin, ta haye har rufi. 'Yan kwana-kwana kusan 80 suka taru, ma'aikata suka fitar da abin da hannu ya kai gare shi. Kafin gari ya waye rufi ya rufta, benaye sun zube, silin ɗin Artari ya zama tarkace a ƙasa. Ɗaki ɗaya ne ya tsira kusan lafiya, wanda ake kira ɗakin kakakai, don gidan Onslow ya fitar da kakakin majalisar wakilan ƙasar har mutum uku. Sassaƙen Rysbrack ma ya tsaya a jikin bango, hayaƙi ya baƙanta shi.

Me za a yi da kango? Ingila ta taɓa amsa wannan tambaya. A ƙarshen watan Agusta 1989 wani gidan ƙungiyar mai suna Uppark, a Sussex, ya kama da wuta daga wajen masu gyaran darmar rufi. Aka yanke shawarar mayar da shi yadda yake kwana ɗaya kafin gobara. Aka kwashe tokar a dubban bokitan shara, kowanne da lambar inda aka ɗebo shi, aka tankaɗe ta ana tsintar gutsuren filasta da gilashi da ƙarfen ƙofa. Da aka zo gyaran silin sai aka tarar kusan babu sauran mai iya gina filasta da hannu irin ta mutanen da. Dole masu sana'a suka zauna da gutsattsarin nan suna gwadawa suna ɓatawa har hannunsu ya faɗa. A 1995 aka sake buɗe gidan, kuma ƙasar ta wayi gari da ƙwararrun da ba ta da su a baya.

A Clandon ma da farko hanyar aka nufa. A 2016 ƙungiyar ta ce za ta mayar da manyan ɗakunan ƙasa. Sai a 2022 ta sauya magana: za a yi sabon rufi, a ƙarfafa bango, a kafa matakala da hanyoyin da baƙi za su bi, amma yawancin gidan za a bar shi yadda wuta ta bar shi. Hujjarta ita ce abin da ya saura bai kai na Uppark ba, kuma bangon da ya tsiraita yana nuna yadda magina suka yi aikinsu, abin da ado ya rufe kusan shekara 300. Wannan ra'ayi yana da asali. Tun 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine bisa koyarwar John Ruskin, cewa sake gina abin da ya mutu yaudarar ido ce, a gyara abin da ya rage kawai. Ƙungiyar Georgian Group, mai kare gine-ginen wancan zamani, ta yi tsaye ta ce ba ta yarda ba, don darajar Clandon a cikinsa take, ba a bulonsa ba.

Ni dai, ranka ya daɗe, a kan zauren nan ina tare da masu adawa. Ban ce a mayar da kowane ɗakin kwana ba. Amma zauren akwai hotunansa, akwai awonsa, an tsince gutsuren silin ɗin da yawa. Kuma mu da muka tashi muna ganin ana sabunta yaɓe kafin damina, ba ma cewa soron ya zama jabu don ƙasar da ke jikinsa ba ta kakanmu ba ce, muddin hannun magini bai yanke ba. Rajistar gwamnati bulo da katako take iya rubutawa. Abin da Artari ya sani a yatsunsa ba ya zama a takarda, sai an ba wani aikin da zai tilasta masa ya koya. Irin wannan aiki kuwa ba ya samuwa sai a zaure kamar wannan.

Akwai wani ƙaramin gini a lambun gidan da wutar ba ta ci ba. Sunansa Hinemihi, ɗakin taro ne na ƙabilar Mawori ta ƙasar New Zealand. A cikinsa mutane suka fake lokacin da dutsen Tarawera ya yi aman wuta a 1886. Wani ɗan gidan Onslow da ya yi gwamna a can ya saye shi, ya kawo shi Ingila a 1892 ya kafa a matsayin adon lambu. Su Mawori ba gini suke kallonsa ba, kakarsu ce mai rai, har yau suna zuwa suna gaishe ta. A 2019 National Trust ta amince bisa manufa cewa tsofaffin sassaƙe-sassaƙen su koma gida, masassaƙan Mawori na yau su sassaƙa sababbi a kafa a Clandon. Ƙungiya ɗaya, fili ɗaya: a lambu ta yarda sabon hannu ya maye gurbin tsoho, a cikin gida ta ce a'a.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Wanda ke da tambaya a kan dokar rajista ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.