Yaran Iqaluit da Turanci a baki

Jama'a, salamu alaikum daga Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut, can ƙuryar arewacin Kanada. A yi haƙuri da ƙarar iska. Ku saurari yaran nan da ke wasa a bayana. 'Ya'yan Inuit ne, a ƙasar kakanninsu, amma da Turanci suke ta ihu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don tun 2008 akwai dokar kare harshensu a nan, allunan bakin titi ma da harshen nasu, Inuktitut, aka rubuta su.

Duk wanda ya ce muku Inuit sun riƙe harshensu ko sun yar da shi, ku tambaye shi: na wane yanki? A ƙidayar 2016, a Nunavik, arewacin Kebek, kashi 99 cikin ɗari na Inuit na iya hira da harshen. Nunavut kashi 89. Amma yankin Inuvialuit a yamma kashi 22 ne kacal, Nunatsiavut ta Labrador a gabas kuwa 21.

Me ya raba su haka? Makaranta. A Nunavik, yarjejeniyar James Bay ta 1975 ta ba su hukumar makarantu tasu, Kativik, inda yaro ke fara karatu da Inuktitut kafin a kawo masa Turanci ko Faransanci. A Labrador 'yan mishan na cocin Moravian da harshen mutanen suke koyarwa, sai aka haɗe yankin da Kanada a 1949, aka juye zuwa Turanci. A 1959 kuma aka tashi mutanen Hebron, wani ƙauye a arewacin Labrador, aka watsa su garuruwan kudu. A yamma makarantun kwana na garin Inuvik ne suka raba yara da iyayensu. Da zarar uwa ta taso ba ta iya ba, shi ke nan, igiya ta tsinke. Mu Hausawan da ke haihuwa a Turai mun san wannan ciwon, sai dai mu in yaro ya je hutu Kano zai dawo da bakinsa.

 

Ina gargaɗinku, kada kashi 89 ɗin nan ya ruɗe ku. Iya hira daban, yin magana da shi kullum a gida daban. Ku je Kugluktuk ko Cambridge Bay a yammacin Nunavut, karin harshensu na Inuinnaqtun galibi a bakin dattawa ya rage, haka ma Iñupiaq, na Inuit ɗin Alaska. Girinlan ce ta burge ni: tun 2009 Kalaallisut, harshen Inuit na can, ne harshen hukuma, da shi ake labarai, da shi ake muhawara a majalisa.

In za ku koya, ku fara sanin inda za ku. Nan Iqaluit da Nunavik da baƙaƙen gaɓa ake rubutu, masu kama da kusurwa da ƙugiya. Labrador, yamma da Girinlan kuwa da boko suke yi, don haka littafin da kuka saya a Nuuk, babban birnin Girinlan, ba zai karanta muku allon nan ba.