Darasin Sibik a Sakandare: Dole a Rubuta, Ba Dole a Ci Ba

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron malaman sakandare da iyayen yara a garin Gombe.

Assalamu alaikum. Malamai, shugabannin makarantu, iyayenmu maza da mata, barkanku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan darasin ilimin zama ɗan ƙasa ne, wanda yara ke kira Sibik. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta sa shi cikin darussan dole na babbar sakandare a 2011, WAEC kuma ta fara jarraba shi a 2014. Takarda biyu ce. Ta farko canki-canka, tambaya 50 cikin awa ɗaya. Ta biyu rubutu ne na awa biyu, kashi uku: ɗa'a da haƙƙoƙi, matsalolin zamani irin su shaye-shaye da safarar mutane, sai tsarin gwamnati. Yaro zai amsa huɗu, aƙalla ɗaya daga kowane kashi.

To, ina dolen take? A manhajar 2011, a wajen rajista ne kawai. Wanda ya samu F9 a Sibik zai karɓi sakamakonsa ya tafi. Jami'a kiredit biyar take nema har da Ingilishi, JAMB kuwa ba ta jarraba Sibik, Gwamnati take jarrabawa. Yaran sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa sai saura mako biyu ake neman tsofaffin tambayoyi a haddace.

Wasu za su ce a tsaurara, kamar yadda jihar Arizona ta Amurka ta yi a 2015: ba takardar kammalawa sai ɗalibi ya ci 60 daga tambayoyi 100 na jarrabawar da ake yi wa baƙi masu neman zama 'yan ƙasa. Ni ban ga wannan zai fisshe mu ba. Tambayoyin nan kowa na iya ganinsu tun kafin jarrabawa, amsoshinsu gajeru, kuma yaranmu gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo. Za su ci, su fito ba su san inda ofishin kansilansu yake ba.

Matsalar tana cikin aji. Sau da yawa malamin da ya rage ba shi da isassun darussa shi ake danƙa wa Sibik, a tura shi ƙarshen jadawali lokacin da rana ta take. Sannan ana koyar da kundin tsarin mulki na 1999 ba tare da yaro ya taɓa riƙe shi ba. Ba sai an sayi littafi ga kowa ba. A buga sashe na 24, wato nauyin da ke kan ɗan ƙasa, da babi na huɗu, sashe na 33 zuwa 46. A karanta da Ingilishi saboda jarrabawa, a warware da Hausa saboda fahimta.

Ku duba sashe na 35. Wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Ɗan aji huɗun da ya fahimci wannan ya amfani gidansu tun kafin ya ga takardar WAEC. Haka sashe na 110, kiranyen ɗan majalisar jiha: fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓa su sa hannu, INEC ta tantance, ta yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ba yara adadin masu rajista na wata mazaɓa su fitar da rabin da kansu, nan take za su gane dalilin da ya sa kiranye ke da wuya.

Shawarata, dolen ta koma kan aiki, a cikin makin gwajin aji da makaranta ke turawa hukumar jarrabawa. Jiharmu ƙananan hukumomi 11 ne, 'yan majalisar jiha 24, 'yan majalisar wakilai shida, sanatoci uku. A aji biyar kowane ɗalibi ya rubuto gundumarsa, mazaɓarsa, da wanda ke wakiltarsa a kowane mataki. A aji shida a raba su biyar-biyar, kowane rukuni ya ɗauki matsala ɗaya a unguwa, kwalbatin da ya toshe ko zaizayar ƙasa, wadda mu 'yan Gombe ba sai an ba mu labarinta ba. Su gano hurumin wa ne, ƙaramar hukuma ko jiha, su rubuta wasiƙa, su kai, su dawo da kwafi mai hatimin karɓa.

A nan ake yin kuskure biyu. Na farko, a ba da maki don an gyara kwalbatin. Wannan ba a hannun yaro yake ba. Makin na gano ofishin da ya dace ne, da tsarin wasiƙar, da hujja. Na biyu, siyasar jam'iyya. Malam, ka bar jam'iyyarka a bakin ƙofa, domin ranar da wani uba ya ji ana zagin gwaninsa a aji, ranar aikin ya mutu. Kuma shugaban makaranta ya sa hannu a kowace wasiƙa kafin ta fita, a nemi izinin iyaye a rubuce, musamman ga 'yan mata da 'yan makarantar kwana.