Ibrahim El-Salahi: Mai Zanen Da Ya Koma Ga Harafi

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi Ibrahim El-Salahi, mai zane kuma marubuci ɗan ƙasar Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a shekarar 1930, a gidan malamin addini mai makarantar allo. A gidan nan ya fara riƙe alƙalami da tawada, kuma duk wanda ya dubi ayyukansa da idon basira zai ga cewa hannunsa bai taɓa rabuwa da wannan tarbiyya ba.

Bayan karatu a Khartoum, ya tafi makarantar zane ta Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo gida ya baje kolin zane-zanensa, sai ya tarar mutanen garinsu ba su damu da su ba, domin salon na Turai ne, bai yi musu magana ba. Wani zai ɗora wa jama'a laifin rashin wayewa, amma El-Salahi ya tuhumi aikinsa ne, kuma a ganinmu nan ne girmansa ya fara. Ya shiga gidajen mutane yana lura da abin da suke ratayewa a bango, ya ga ayoyi ne da rubutun Larabci da adon gargajiya. Sai ya soma saka haruffa cikin zane, yana miƙe su yana lanƙwasa su har ma'anar kalma ta ɓace, fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka ɓullo daga cikinsu. Daga wannan yunƙuri, tare da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, aka sami salon da ake kira Makarantar Khartoum. A farkon shekarun 1960 an nuna ayyukansa a ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari da ke Ibadan.

A watan Satumba na 1975, lokacin yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Ja'afar Numeiri ta zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, ta tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba. An haramta wa fursunoni takarda da fensir, don haka yakan yi zane a kan ƴan guntayen takardar buhun siminti, ya binne su cikin rairayi idan gandirobobi sun doso. Wannan takura ta zame masa hanyar aiki daga baya, inda yakan fara da ƙaramin zane a takarda guda, ya yi ta ƙara wasu a gefenta har hoton ya cika bango. Bayan sakinsa, a 1976, ya cika wani kundi da zane da waƙoƙi da addu'o'i cikin Larabci a kan abin da ya gani a tsare, kuma sai a 2018 aka buga shi. Ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci.

Ya yi shekaru yana aiki a Qatar kafin ya zauna a Oxford a Ingila. A can ya daɗe yana zana bishiyar gawo, wadda ƴan Sudan ke kira haraz, mai zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, yana ganin halin mutanen ƙasarsa a cikinta.

A 2013 gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa, karo na farko da ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka, alhali mutumin ya haura shekara 80, jinkirin da ya isa a yi tambaya a kansa. Ko da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban manyan zane, ya ci gaba da aiki a zaune, a kan ambulan da kwalayen magungunan da yake sha, kuma an nuna irin waɗannan ƙananan zane-zane a babban baje kolin Venice na 2022.