Kwakwa Tana Gina Jikin Yaro Kuwa?

Assalamu alaikum, iyaye mata. Ga kwakwa nan a baro, an fasa an jera kusa da dabino da aya. Ana yawan cewa a ba yara saboda furotin, wato sinadarin gina jiki. To, bari mu ɗora ta a sikeli.

A giram 100 na farin naman kwakwa, furotin giram 3 ne da ɗoriya. Mai kuwa giram 33 ne. Ku kalli gyaɗa: giram 100 nata na ɗauke da furotin kusan giram 25. Busasshen wake ma haka, wajen giram 23. Waken suya, wanda ake awara da shi, ya haura 35.

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar furotin kamar giram 13 a rana. In daga kwakwa kaɗai zai samu, sai ya cinye kusan giram 400, kwakwa guda sukutum ke nan. Wane ciki gare shi? Kafin ya kai rabi, mai da dusar da ke cikinta sun cushe shi, ya ture tuwo da miya. Alhali dafaffen ƙwai biyu sun kusa biya masa wannan buƙata.

Kada ku ce na kushe ta. Kwakwa abincin ƙarfi ce, kuma yaron da kullum tsararon koko yake sha yana buƙatar mai a cikinsa. Ki gurza ta da laushi, ki zuba cokali ɗaya ko biyu a kunun gyaɗa ko kunun gero mai garin waken suya. Gyaɗa da wake su gina jiki, ita ta ƙara kuzari da garɗi. Kwakumeti dai alawa ce, sukari ya yi mata yawa.

Ruwan cikinta kusan babu furotin. Madarar da ake tatsa daga gurzajjen naman kuma sunan madara kawai ta ara, ba ta maye gurbin nonon uwa. Jariri kafin wata 6, nono zalla.

Sai batun ƙwarewa. Kwakwa tauri gare ta, gutsure ɗaya na iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro. In bai kai shekara 4 ba, kar a miƙa masa yanki a hannu, a gurza masa.